Babi na Uku: Me Ya Kawo Japananci Filin Kareti?

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin fili yana kallon masu koyon kareti, a Katsina ne ko Funtuwa ko Zariya, ya ji abin da kunnensa bai saba da shi ba. Malamin Bahaushe, yaran Hausawa, kafin a fara ana ta raha da Hausa, amma da zarar an yi sahu sai harshe ya juye: "Yoi! Hajime! Ichi, ni, san!" Iyaye a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, waɗanda 'ya'yansu ke tafiya karatu birni su dawo hutu da wannan wasa, tambayarsu ba ta wuce guda biyu: wane yare ne wannan, kuma me ya hana a faɗa da Hausa? Akwai ma mai zargin ko wani surkulle ne ake ɗora wa yara.

Japananci ne, kuma babu surkulle a cikinsa. Yoi na nufin a shirya, hajime a fara, sauran kuwa ɗaya, biyu, uku ne. Tambaya ta biyu ita ce mai buƙatar a zauna.

Ba Chanis ba ne

Yawancinmu a gidan kallo muka san kareti. Duk fim ɗin da aka tashi sama aka yi shuri, sunansa Chanis, jaruminsa kuma ɗan kareti. Nan ruɗanin ya samo asali. Bruce Lee da Jackie Chan 'yan fim ɗin Hong Kong ne, abin da suke yi kuma tushensa kung fu na Sinawa. Abin dariya ma, a fim ɗin Fist of Fury na 1972, Bruce Lee, mutumin da yaranmu suka naɗa sarkin kareti, makarantar Japanawa ya shiga ya tarwatsa. Taikwando kuwa, wanda Chika Chukwumerije ya ciwo wa Najeriya tagulla da shi a Beijing a 2008, Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciwo wa Nijar azurfa a Rio a 2016, na Koriya ne, da Koriyanci ake ba da umarni a cikinsa. Idan ka ji ana ƙirga "hana, dul, set", taikwando ake yi. Idan ka ji "ichi, ni, san", to kareti ne ko judo.

Yadda yaren ya bi wasan

Kareti ɗan tsibirin Okinawa ne, wanda a da masarauta ce mai cin gashin kanta mai suna Ryukyu, da harshenta daban, kafin Japan ta haɗiye ta a 1879. Mutanen can suna kiran wasan "ti", wato hannu, ko kuma "hannun Sin", saboda abin da suka koyo daga Sinawa. Wani malamin makaranta, Gichin Funakoshi, shi ya kai shi Tokyo a 1922 ya nuna, ya kuma zauna can yana koyar da ɗaliban jami'o'i har rasuwarsa a 1957.

A Tokyo aka yi wa wasan sabuwar riga. Zamani ne na zafin kishin ƙasa, Japan na takun-saƙa da Sin, ba wanda zai rungumi abin da ake kira hannun Sin. Sai aka sauya harafin farko da wani mai sauti iri ɗaya, "kara", amma ma'anarsa wofi: hannun da babu makami. Funakoshi ya bi sunayen tsofaffin jerin motsi ya mayar da su Japananci, Pinan ta koma Heian, Naihanchi ta koma Tekki, Kushanku ta koma Kanku. Fararen kaya da ɗamara da matakan girma kuma daga judo aka aro su, wanda Jigoro Kano ya kafa a 1882. Ashe ko a gidansu, yaren da muke ji yau daga baya aka ɗora wa kareti, domin a iya koyar da ɗaruruwan ɗalibai a sahu ɗaya da umarni ɗaya.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka kafa ƙungiyar kareti ta Japan, JKA, a 1949, ta shiga tura malamai ƙasashen waje. Taiji Kase ya zauna Faransa, Keinosuke Enoeda Ingila, Hiroshi Shirai Italiya, Hidetaka Nishiyama Amurka. Da suka sauka, da yarensu suka riƙa ba da umarni, jiki ya ƙarasa bayanin. Ɗalibansu suka koyar da nasu ɗaliban haka, har ya iso mu.

Wanda ya san dambe ba zai ga baƙon abu a nan ba. Yau ana kallon damben gargajiya ta waya a ƙasashen da ba a jin ko "sannu", amma turmi yana nan turmi, kisa yana nan kisa, Kudu da Arewa da Guramada ba wanda ya sake musu suna. Ranar da wani Bature zai buɗe gidan dambe a garinsu, dole yaransa su koyi cewa an yi turmi uku babu kisa. Wasa da yarensa yake tafiya.

Yadda ake harhaɗa sunan bugu

Nan ne gishirin babin, don haka a bi a hankali. Sabon shiga yakan ga sunaye rututu ya karaya, yana zaton sai ya haddace ɗaruruwa. Ba haka abin yake ba. Kalmomi ne 'yan kaɗan ake jujjuyawa, kuma kusan kowane suna amsar tambaya uku yake bayarwa: ina za a kai, ta yaya, kuma wane irin aiki ne.

Fara da aikin. Tsuki naushi ne. Keri shuri ne. Uke tarewa ce. Uchi duka ne irin na sara ko maka, wanda ba miƙaƙƙen naushi ba. Tachi tsayuwa ce. Sai dai Japananci na da wata ɗabi'a: idan kalma ta zo a bayan wata, farkonta yakan yi nauyi. Tsuki ta zama zuki, keri ta zama geri, tachi ta zama dachi. Shi ya sa ba za ka ji an ce mae-keri ba, sai mae-geri.

Sai ta yaya. Mae gaba, ushiro baya, yoko gefe, mawashi kewayowa, age ɗagawa sama, gyaku akasi, oi bin abokin karawa da taku. Hidari hagu, migi dama.

Sai wurin da za a kai. An kasa jiki uku: jodan shi ne kai da fuska da wuya, chudan ƙirji da ciki, gedan kuma daga ɗamara zuwa ƙasa.

To, haɗa su. Mae-geri shurin gaba. Yoko-geri shurin gefe. Ushiro-geri shurin baya, irin na jaki, in ji yara. Mawashi-geri shi ne wanda ƙafa ke kewayowa ta gefe, idan kuma aka ce jodan mawashi-geri, kai aka nufa da shi. Age-uke ita ce tarewar da ake ɗaga damtse saman goshi don kare fuska. Wanda ya riƙe kalmomin nan, ko bai taɓa jin "migi chudan yoko-geri" ba, zai warware shi da kansa: ƙafar dama, tsakiyar jiki, shurin gefe.

Bambancin oi-zuki da gyaku-zuki shi ke fara rikita yaro, kuma ya cancanci a gan shi kusa. Tsaya da ƙafar hagu a gaba, gwiwarta a lanƙwashe har ta rufe maka ganin yatsun ƙafar, ta dama a miƙe a baya. Wannan ita ce zenkutsu-dachi. Idan ka tako da ƙafar dama ka kai naushi da hannun dama, hannu da ƙafa gefe ɗaya, ka yi oi-zuki. Idan kuwa kana nan tsaye, hagu na gaba, ka murɗa ƙugu ka saki hannun dama, ka yi gyaku-zuki. Ƙarfinsa daga ƙugu yake fitowa, ba daga kafaɗa ba, kuma yana cikin bugun da aka fi cin maki da su a gasa. Malamin da ya ce "gyaku" yaro ya tako gaba, ya san nan take cewa kalmar ce ba ta zauna ba, ba jikin ba.

Sunayen tsayuwa ma duk siffa ce. Kokutsu-dachi nauyin jiki ne ya koma ƙafar baya. Kiba-dachi tsayuwar mahayin doki ce, ƙafafu a ware, gwiwoyi a lanƙwashe, baya a miƙe. Ɗan ƙasar Katsina da ya saba kallon hawan sallah ba sai an yi masa dogon bayani ba, sai dai cinyoyinsa za su yi masa bayan minti biyu. Neko-ashi-dachi kuwa ƙafar kyanwa ce, ta gaba tana taɓa ƙasa da ƙyar.

Wuri guda ne tarko yake. Kalmar uchi biyu ce: akwai ta duka, akwai mai nufin ciki. Uchi-uke tarewa ce da ke tasowa daga ciki zuwa waje, soto-uke kuma daga waje zuwa ciki. Haka 'yan salon kareti na Shotokan ke kira, amma akwai makarantun da suka juya sunayen biyu. Idan ka je baƙon wuri ka ga an saɓa, kada ka yi gardama, dubi hannun malam.

Darasin kansa kashi uku ne: kihon, maimaita tushen motsi ɗaya bayan ɗaya, kata, jerin motsi da aka tsara wanda mutum ke yi shi kaɗai, kumite, karawa da abokin wasa. Kata ta farko a jerin Heian, wato Heian Shodan, motsi 21 ce, kuma da gedan-barai take farawa, share bugun ƙasa zuwa hagu, kafin a tako da chudan oi-zuki. Wanda ya san sunayen zai iya rubuta ta kaf a shafi ɗaya na littafin makaranta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a yankin da sabis ke yankewa. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka shafe watanni ba intanet. Mai dogaro da bidiyon YouTube kaɗai, atisayensa ya tsaya. Mai rubutu a littafi bai rasa abin bita ba. Ko da akwai sabis ɗin ma, sunan ne makullin bincike. Rubuta "mawashi geri" ka ga malamai daga Japan da Masar da Brazil suna nuna abu ɗaya.

Bakin Bahaushe ya dace da shi

Bahaushe ya fi Bature sauƙin furta waɗannan kalmomi, matuƙar bai bi ta Turanci ba. Wasulan Japananci biyar ne irin namu, a, i, u, e, o, akwai dogo akwai gajere, kuma kusan kowace gaɓa da wasali take ƙarewa. Suna ninka baƙi yadda muke yi a "babba" da "sannu", shi ya sa kalmar ippon, sunan wani maki a gasa, ke da nauyi a tsakiya. Karanta su yadda kake karanta boko kawai, sai dai inda ka ga "ch" ka karanta "c": ichi ici ce, chudan cudan ce. Masu karantawa da idon Turanci su ne ke mayar da geri "jeri", uke kuma "yuk".

Matsalarmu biyu ce. Ba mu da "p", don haka ippon takan fito "iffon". "Ts" ɗinmu kuma mai ƙarfi ce, ta tsuntsu da tsamiya, tasu kuwa sassauƙa ce, kamar an haɗa t da s an sake su tare.

Ƙidayar ita ce: ichi, ni, san, shi, go, roku, shichi, hachi, ku, ju. Yara kan yi saurin riƙe biyu da huɗu da tara, tunda ni da shi da ku duk 'yan gida ne. A fili ana datse wasalin ƙarshe don a yi sauri, sai ka ji "ic", "rok", "hac". Huɗu tana da suna na biyu, yon, bakwai kuma nana. Japanawa kan kauce wa "shi" a wasu wurare domin sautinta ɗaya da kalmar mutuwa. Shi ya sa kata ta huɗu take Heian Yondan.

Sensei, ɗamara da ihu

Dojo shi ne wurin koyo, ko da filin firamare ne da aka share. Gi kayan, obi ɗamarar. Sensei malam ne, asalin ma'anarsa wanda ya riga ka zuwa duniya, kuma a Japan haka ake kiran likita da malamin aji. Wasu ne ke kiran mutum da shi, ba ya kiran kansa. Saurayin da ya rubuta "Sensei wane" a gaban rigarsa bayan shekara biyu da farawa, ya nuna bai san kalmar ba. Senpai shi ne na gaba da kai a cikin ɗalibai, yaya ke nan a fili ko da ka girme shi a gida.

Matakan masu ɗamara mai launi kyu ne, kuma da baya ake ƙirga su, daga goma ko tara a gangaro zuwa ɗaya. Daga nan sai dan, matakan baƙar ɗamara, su kuma a hau sama. Na farkonsu shodan, ma'anarsa matakin farawa. Launukan tsakani sun bambanta daga ƙungiya zuwa ƙungiya, saboda haka tambayi kyu ɗin mutum, kada ka tsaya ga launin.

Kiai sunan ihun nan ne da ake yi lokacin sakin bugu, ana fitar da numfashi daga ciki a ɗaure tumbi. Sunansa ne, ba abin da ake faɗa ba, amma za ka tarar da aji guda suna kwarma "kiyai!" kamar mai atishawa ya ce "atishawa". Ita kuwa "osu", da ake furtawa "oss", gaisuwar samari ce da ta yaɗu daga ƙungiyoyin jami'o'in Japan. Tana yawa a salon Shotokan da na Kyokushin, amma yawancin makarantun Okinawa ba sa yin ta, kuma ba a gaida dattijo da ita a titin Tokyo. A ce "hai", wato to, ya wadatar.

Batun rusunawa

Akwai kalma ɗaya da ba za a tsallake ta a ƙasar Musulmi ba, ita ce rei, gaisuwa ta rusunawa. Iri biyu ce. Akwai ta tsaye, a ɗan sunkuyar da ƙirji. Akwai ta zaune, inda ake durƙusawa a kan gwiwa, zaman da ake kira seiza, a dafa ƙasa a sunkuya. A makarantun Japan har ana cewa "shomen ni rei", a rusuna wa gaban ɗaki, inda hoton wanda ya kafa makarantar yake, wani lokaci ma da ɗan wurin bautar addinin Shinto.

Uban da ya ga ɗansa ya kai goshi kusa da ƙasa ya ce, "Malam, wannan fa ya yi kama da sujada," bai yi kuskure ba, kuma bai kamata a yi masa dariya ba. Ga Bajapane, rusunawa gaisuwa ce ta yau da kullum. Ga Musulmi, ruku'u da sujada na Allah ne, malamai kuma sun daɗe suna magana a kan sunkuya wa mutum. A ganina babu dalilin da zai sa malamin kareti a Faskari ya sa yara durƙusa wa hoto ko bango. Ba ya ƙara wa naushi ƙarfi. A gasa gaisuwar tsaye ake nema, tsakanin abokan karawa da alƙalai. Iyaye su tambayi mai koyarwa abin da ake yi a ajinsa tun ranar farko, hukuncin kuma su nema wurin malaman addini, ba wurin mai baƙar ɗamara ba.

Abin da alƙali ke faɗa

Inda rashin sanin yaren ke jawo asara shi ne gasa. Ko a Bikin Wasanni na Ƙasa ne, wanda aka fara a Legas a 1973, ko a gasar Afirka, alƙalin kareti da Japananci yake magana, bisa dokokin hukumar kareti ta duniya, WKF. Fili murabba'i ne, mita 8 kowane gefe. Ɗan wasa ɗaya "aka" ake kiransa, mai jar ɗamara, ɗayan "ao", mai shuɗiya. "Shobu hajime" a fara karawa, "tsuzukete hajime" a ci gaba bayan an tsaya. Maki uku ne: yuko ɗaya, na naushi, waza-ari biyu, na shurin tsakiyar jiki, ippon uku, na shurin kai ko bugun wanda aka kayar. Jogai fita daga fili ne. Senshu fifiko ne ga wanda ya fara cin maki shi kaɗai, wanda ke raba gardama idan aka tashi kunnen doki. Tazarar maki 8 tana ƙare wasa.

Sai yame, a tsaya. Wannan ita ce kalmar da ya kamata yaro ya fara koya kafin kowace, kuma ya tsaya cak ko hannunsa na kan hanya. Kareti na gasa wasa ne na riƙe bugu, wanda ya kasa riƙewa yana iya gamuwa da hansoku, kora daga karawar. An ga haka a idon duniya a Tokyo ranar 7 ga Agusta, 2021, karo na farko da kareti ya shiga gasar Olamfik. A wasan ƙarshe na masu nauyi sama da kilo 75, Tareg Hamedi na Saudiyya yana gaba da ci 4 da 1 sai ya kai wa Sajad Ganjzadeh na Iran shuri a sama, Sajad ya faɗi sumamme. Da dambe ne, da an ɗaga Hamedi sama ana kirari. Alƙalai suka ba shi hansoku, aka ba wanda aka fitar a gadon marasa lafiya zinariya. A wannan ranar ce kuma Feryal Abdelaziz ta Masar ta ci zinariya a ajin mata, mace ta farko da ta yi wa ƙasarta haka.

To, Hausar fa?

Masu cewa a fassara komai suna da hujja rabi. Umarni da sunan bugu su zauna da Japananci, domin da su yaron Sabuwa zai shiga aji a Kaduna ko Yamai ko Alƙahira ya bi sahu ba tare da tafinta ba. Amma bayani aikin Hausa ne. Inda ake tafka kuskure shi ne malam ya zuba Japananci, ya bi shi da guntun Turanci, yara su yi ta maimaitawa ba su san me suke cewa ba. Yaron da aka ce masa "gedan-barai, share ƙasa, kamar kana kakkaɓe hannun da ya kamo maka ɗamara", ya riƙe suna da aiki a lokaci guda. Kalma biyar a mako ta isa, a faɗe ta, a fassara ta, a yi ta da jiki, a rubuta.

Mai karatu, kafin ka juya shafi, samo littafin rubutu ka jera kalmomin aiki a gefe ɗaya, na wuri da na hanya a ɗaya gefen, ka gwada harhaɗa sunaye goma da kanka. Za ka buƙace su, domin babi na gaba zai ɗauki Heian Shodan motsi bayan motsi, daga yoi har zuwa yame, kuma ba za a sake tsayawa fassara su ba.